Ba Raket Ce Ta Kumbura Mini Yatsu Ba

Ba tanis ne ya sa mini wannan ciwon ba. Da haka zan fara, don har yau akwai gidaje a Utaibiyya, unguwar da na tashi, da ake ba da labarina a matsayin izina ga matan da ba sa zama wuri ɗaya. Likita ta faɗa, takardun gwaji sun faɗa, ni ma ga shi na rubuta. Wanda ya ga dama ya yarda.

Sunana Sa'adiyya, ɗalibaina suna kirana Abla Sa'adiyya, yadda ake kiran malama a nan. A Makka aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakanmu ne ya taso daga Kano ya zo aikin hajji, bai koma ba. Na daɗe ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Da aka buɗe darasin motsa jiki a makarantunmu, aka nemi malaman da za su je kwas a Jidda, sai na ba da sunana. Shekarata talatin da takwas a lokacin, kuma rabona da gudu tun ina yarinya a lungunan unguwa. A wannan kwas ɗin na haɗu da Kabtin Birgit, mai horar da mu.

Bajamushiya ce doguwa, ta haura hamsin, tsohuwar 'yar wasan tanis da ta mayar da shi sana'a tun tana budurwa. Ta zaga ƙasashe da jakar raket, abin buga ƙwallon tanis, a kafaɗa fiye da shekara goma, amma ba ta taɓa ɗaga babban kofi ba, kuma ba ta ɓoye hakan. Takan ce ita irin 'yan wasan nan ce da ake tunawa da su don wata shahararriya ta taɓa doke su a zagaye na biyu. Ta ajiye wasa tana da shekara talatin da ɗaya, da tabon tiyata biyu a wuyan hannunta na dama, ta koma koyarwa, har aiki ya kawo ta wani filin mata a Jidda. Da guntun Larabcinta da guntun Turancina muke fahimtar juna. Ranar da ta fara ba ni raket, na doki ƙwallo ta haure katanga ta faɗa kan titi. Ta bi ta da kallo, ta ce, "Ƙarfi akwai. Saura hankali."

Shekara biyar na yi ina tuƙa kaina zuwa Jidda duk Asabar. Mahaifiyata, Inna, ba ta taɓa hana ni ba, amma ba ta taɓa tambayata yadda wasa ya kasance ba. Abin da take cewa kawai shi ne, "Mace da 'ya budurwa a ɗaki tana bin ƙwallo a guje. Allah ya kyauta."

Ciwon ya fara ne mako biyu bayan babbar sallah. Maigidana Haruna, wanda kowa ke kira Abu Hanan, gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a unguwar Rusaifa, kuma a lokacin aikin hajji yakan tare a Arfa yana kula da na tantuna. Bai daɗe da dawowa ba, yana ta ramuwar barci. Na tashi da asuba zan yi alwala, na kama kan famfo, yatsuna suka ƙi lanƙwasa. Ba zafi mai yawa ba ne, tauri ne, kamar an shafa mini siminti ya kwana. Na murɗa famfon da gefen hannu. Kafin ƙarfe tara sun saki, na manta da zancen. Washegari haka, jibi ma haka. Na ce sanyin ɗaki ne, na rage na'ura.

A mako na uku gaɓoɓin yatsun suka kumbura, dama da hagu daidai wa daida. Zoben da Inna ta ba ni ranar da na gama jami'a ya nutse a cikin nama. Na gwada sabulu, na gwada zare, sai da muka je shagon mai gwal ya datse shi da ɗan almakashinsa. Ya miƙo mini shi gida biyu a cikin leda, ya ce, "Allah ya sawwaƙe, ki je asibiti." Shi ne mutum na farko da ya ba ni shawarar kirki, ban ɗauka ba.

Abin da na yi shi ne sayen maganin kashe zafi a kantin magani. Duk Asabar sai in haɗiye biyu kafin in kama hanya. Mako uku ina haka. A na huɗun, muna tsakiyar atisaye, ƙwallo ta zo da ƙarfi, raket ta fice daga hannuna ta faɗi nesa. Na sunkuya na ɗauka kamar ba komai. Kabtin Birgit ta tsayar da wasa, ta zagayo raga, ta ce in buɗe hannuna. Na buɗe. Ta ce in dunƙule. Na kasa kai yatsun tafin hannu.

"Tun yaushe?"

"Kwana biyu ne."

"Sa'adiyya, ni na san ƙarya irin wannan. Na yi ta shekara biyu."

Ta zaunar da ni a benci, ta nuna mini wuyan hannunta. Ta ce lokacin da ciwon ya fara mata, tana gab da shiga sahun da take mafarki tun ƙuruciya. Ta ɓoye wa kowa. Kafin kowane wasa sai a yi mata allurar kashe zafi, ta shiga fili ta buga, da yamma ta kasa ɗaga kofin shayi. Da a ce ta huta wata huɗu a farko, in ji ta, da ta ƙara shekara biyar tana wasa. Ba ta huta ba, jijiyar ta tsinke, tiyata biyu ba su mayar da ita yadda take ba.

"Naki ba irin nawa ba ne," in ji ta. "Nawa hannu ɗaya ne, wanda nake bugu da shi. Ke duka biyun ne. Wannan ba aikin raket ba ne. Ba zan sake jefo miki ƙwallo ba sai kin kawo mini abin da likita ya ce."

Na ji haushinta ƙwarai. Har na iso Makka ban daina yi mata faɗa a raina ba. Amma ranar Lahadi na je ƙaramin asibitin unguwarmu.

Likitan da na tarar bai taɓa hannun ba. Ya kalle shi daga inda yake zaune, ya tambaye ni ko ina shiga rana, ya ce ƙarancin bitamin ne, yawancin mata haka suke. Ya rubuta ƙwayoyi. Na nace, sannan ya rubuta mini takardar zuwa wajen likitan gaɓoɓi a babban asibiti. Da saƙon mau'idi ya shigo wayata, ranar ganin likitan wata uku ce a gaba. Na karanta sau biyu, na ɗauka kuskure ne.

A cikin wannan jiran ne dangi suka samu aikin yi. Kowa ya zo dubiya da maganinsa. Wata ta ce man zaitun da habbatus sauda, a shafa da ɗumi. Wata ta ce in daina tumatir. Wata ta ce ƙaho, na je aka yi mini a kafaɗu, na dawo da tabo da ciwona. Masu cewa baki ne sun fi yawa: wai na cika fita, na cika nuna ƙarfi, ido ya kama ni. Ruwan zamzam da addu'a ban taɓa ƙi ba, Inna ta tofa mini na sha, kuma har gobe ina sha. Sai dai duk wanda ya gama kawo maganinsa, ƙarshen maganarsa ɗaya ce: ga abin da wasan Turawa ya jawo.

Wadda ta fi kowa zafi ita ce Goggo Ladi, ƙanwar mahaifina. A mako na takwas ta zo gidana da wata tsohuwa mai yin lalas, ƙona fata da jan ƙarfe, abin da a nan ake kira kayy. Ba ta gaya mini za su zo ba. Ina kwance a falo na ji ana kunna murhu a kicin.

"Goggo, me ake dafawa?"

"Ba girki ba ne, 'yar nan. Uku-uku za a ɗiga miki a kowane wuyan hannu, khalas, shi ke nan, sanyin ya fita. Haka aka yi wa kakarki."

"Ba za a ɗiga mini ba."

"Ke fa taurin kanki ne ya kai ki nan. An ce ki zauna kin ƙi. Kin je kina dukan ƙwallo kamar namiji, har hannu ya lalace."

Na ɗaga mata hannun hagu. Na ce, "Goggo, wannan bai taɓa riƙe raket ba. Me ya kumbura shi? Yatsun ƙafata fa, su ma ƙwallo suke duka?"

Ta ce, "Ciwo ai yawo yake."

"To ya yi yawonsa. Ƙarfe dai ba zai taɓa ni ba. In kin ga an ƙona ni, to gawata aka samu."

Ban taɓa yi wa babba magana haka ba. Tsohuwar ta kashe murhun da kanta, ta naɗe kayanta, ta ce ita ba ta yi wa wanda bai yarda ba. Goggo ta yi wata biyu ba ta taka gidana ba. Daga baya na je na ba ta haƙuri a kan yadda na faɗi maganar, amma na gaya mata ban janye maganar ba.

Mako na tara da na goma su ne ba na son tunawa. Ciwon ya sauka gwiwoyi da idon sawu, ya hau kafaɗu. Na daina tuƙi, don ba na iya damƙe sitiyari. Na koma salla a kujera. Da safe sai Abu Hanan ya tallafo ni ya zaunar, ya kawo ruwan ɗumi a roba in tsoma hannuwa kafin in iya riƙe cokali. Shi yake matsa mini man goge baki, shi yake buɗe mini murfin gora, shi yake ɗaura mini ɗankwali, ɗauri irin na mai gyaran na'ura, kamar yana tsoron kada iska ta shiga. 'Yarmu Hanan tana jami'a a Madina, na hana a kira ta. Inna ce ta kwaso kayanta daga Utaibiyya ta tare a gidanmu. Ba ta canza ra'ayinta a kan tanis ba, amma ita ta yi mini wanka da hannunta, tana da shekara saba'in. Tana cuɗa mini baya tana cewa, "Da kin ji magana," ni kuma ina cewa, "Inna, a hankali, kafaɗar." Haka muke yi kullum. Ba wanda ya yi mini hidima kamarta, kuma ba wanda ya ɓata mini rai kamarta.

Makaranta sun ba ni hutun rashin lafiya. Shugabarmu ta kira ni a waya da murya mai laushi, ta ce in na dawo za a nema mini aikin ofis, ko kuma in duba batun ajiye aiki da wuri, tunda malamar motsa jiki sai da jiki. Na ce mata, "Abla, ki riƙe mini ajina. Ba a gaya mini sunan ciwon ba tukuna, ke har kin yanke masa hukunci."

Abu Hanan ne ya ce ba za mu jira mau'idin ba. Wata safiya ya ga na kasa ɗaga ƙafa in sa takalmi, ya rufe shagonsa, ya kai ni asibitin kuɗi. Ba mu da halin irin wuraren nan, amma ya ce ko kayan aikinsa zai sayar sai an duba ni. An ɗebi jini, an ɗauki hoton hannuwa, bayan kwana uku muka koma.

Likitar 'yar Sudan ce, mai yawan shiru. Ta kama yatsuna ɗaya bayan ɗaya tana latsawa, tana kallon fuskata. Sannan ta faɗi sunan: rumatoyid. Ta ce, "Jikinki yana da sojoji masu tsare shi daga cuta. Naki sun rikice, sun juyo kan gaɓoɓinki suna yaƙarsu. Ba sanyi ba ne, ba tsufa ba ne. Ba ya warkewa ɗungurungum, amma ana ɗaure shi. Abin da ya riga ya ci ba ya dawowa, shi ya sa muke son mutum ya zo da wuri. Ke kin ɗan makara, amma ba ki makara sosai ba."

Na ce, "Likita, tambaya ɗaya. Ina wasan tanis. Shi ya jawo?"

"A'a. Mata masu zaman gida suna kamuwa, masu aikin ofis suna kamuwa. In kumburin ya lafa, motsi ma magani ne. Zama ne zai sandarar da ke."

"Ki rubuta mini."

Ta ɗago ta kalle ni.

"Abin da kika faɗa yanzu. Ki rubuta da Larabci, ki buga hatimi."

Abu Hanan ya sunkuyar da kai don kunya. Likitar ta yi murmushi, ta ce da alama ta san irin danginmu, nata ma haka suke. Ta rubuta layi biyu, ta buga hatimi. Da muka isa gida na ba Inna. Ta sa tabarau, ta karanta a hankali, ta ninke, ta mayar mini. Ta ce, "Likita ma mutum ce." Amma daga ranar ba ta sake cewa da na ji magana ba.

Maganin da aka ɗora ni a kai sau ɗaya ake sha a mako. Na zaɓi Alhamis da yamma don in yi jinyar maganin ranar Juma'a. Ba wanda ya gaya mini cewa magani ma ana jinyarsa. Tashin zuciya, ɗacin baki, gajiya kamar an yi mini duka. Gashina ya riƙa zuba a mataji. Inna ta gano cewa kunun tsamiya ne kaɗai ke zama a cikina, ta riƙa damawa duk Juma'a da safe. Duk wata sai an ɗebi jini a duba hanta. Na san layin ɗakin gwaji kamar tafin hannuna: ka je da wuri ka tarar an riga ka, ka je a makare a ce lamba ta ƙare. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da in ta ga hannuna sai ta nemo ƙaramar allura ba tare da na roƙa ba. Ban san sunanta ba, amma tana cikin addu'ata.

A mako na goma sha huɗu muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba da Abu Hanan. Na nemi jakar raket ɗina a bayan ƙofa inda take zama, babu. Ashe ya ɗora ta can saman kabad, ya rufe da bargo.

"Abu Hanan, ina jakata?"

"Na ajiye miki. Na ga duk kika wuce sai kin tsaya kina kallonta."

"Sauko mini da ita."

"Umm Hanan, ki bar wa Allah. Cokali ma da ƙyar kike riƙewa. Ni dai ki tashi ki yi tafiya da ƙafarki, ya ishe ni. Wasan nan an yi, an gode."

"Kai ya ishe ka. Ni bai ishe ni ba. Ka yi mini komai, ba zan iya biyanka ba. Amma ba kai za ka ce na gama ba."

Na ga ransa ya ɓaci, kuma yana da gaskiyarsa, mutumin da ya yi makonni yana sa mini takalmi. Ya jawo kujera ya hau, ya sauko da jakar, ya jingine ta inda take. Kwana biyu ba ma magana sai gaisuwa, amma ruwan ɗumina bai taɓa makara ba.

Duk wannan lokacin Kabtin Birgit tana aiko da saƙo. Tana son ta zo dubiya, amma ba Musulma ba ce, ba za ta shiga Makka ba, ni kuma zaman mota har Jidda ya fi ƙarfina. Abu Hanan ne, bayan mun shirya, ya kawo dabara. Akwai wurin hutawar matafiya a kan hanyar Jidda, a wajen iyakar Harami. Can muka haɗu wata Asabar da hantsi. Na fito daga mota ina dogara da shi. Da ta gan ni ba ta yi irin fuskar tausayin da na gaji da gani ba. Ta ce, "Kin rame. Da kyau, za ki fi sauri."

Ta kawo mini raket mara nauyi, ta naɗe mariƙinta da ƙyalle har ya yi kauri, yadda ba sai na dunƙule hannu sosai ba. Ta haɗo da ƙwallon soso irin na masu koyo. Muka zauna muna shan shayi, ta ba ni sauran labarinta, wanda ba ta taɓa ba ni ba. Ta ce bayan ta ajiye wasa ta yi shekara biyu ba ta taɓa raket ba, ko a talabijin ba ta kallo. Ta koma garinsu tana taya ɗan'uwanta aiki a shago, in an gane ta sai ta ce kama ce. A ganinta, in ba za ta buga kamar da ba, gara ta bari gaba ɗaya.

"Wauta ce," in ji ta. "Ba ciwon ne ya ƙwace mini waɗannan shekaru biyun ba, girman kai ne. Ke ba za ki buga kamar da ba, kada wani ya ruɗe ki. Za ki buga wani iri. Ki tambayi likitarki, ranar da ta ce to, ki fara da bango."

Maganin farko bai isa ba. Da mau'idin babban asibiti ya zo, likitan can ya duba takarduna ya ƙara mini allura duk mako biyu, wadda ake ajiyewa a firij. Da a asibitin kuɗi ne da ba mu iya ba, a nan kuwa kyauta ake ba ni, kuma na gode. Sai dai ina tambaya, har yau ban samu amsa ba: me ya sa mai kumburin gaɓoɓi zai jira wata uku, alhali su da kansu suna cewa watannin farko su ne masu tsada? Yatsuna biyu na dama sun karkace a cikin wannan jiran, da wanda na jawo wa kaina da ƙwayoyin kashe zafi. Ba za su miƙe ba.

Wata biyu da fara allurar, na tashi wata safiya na murɗa famfo ban sani ba, sai da ruwa ya zubo na tuna. Likitata 'yar Sudan ta ce to. Na fara hawa saman bene bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, ina buga ƙwallon soso a bangon tankin ruwa. Ranar farko sau bakwai na buga na zauna. Na koma makaranta a zango na biyu, ajina na karɓa, ba ofis ba. Abin da ba na iya nunawa da jiki, ina nunawa da baki.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe, musamman mata 'yan'uwana. In kin tashi da safe yatsunki sun sandare fiye da awa guda, dama da hagu, kwana da kwanaki, kada ki ce sanyi ne. Kada ki rufe shi da maganin kashe zafi kamar yadda na yi. Ki je, ki nace a ɗebi jini, ki nace a tura ki wajen likitan gaɓoɓi, in an ba ki rana mai nisa ki koma ki yi ta damunsu. Ki yi addu'a, ki sha zamzam, amma kada ki bari a ƙona ki. Kuma kada ki yarda a ce laifinki ne.

Bayan shekara guda da wata biyu da fara ciwon, filin Kabtin Birgit suka shirya 'yar gasa ta mata masu sha'awa. Na sa sunana. Ranar da za mu tafi, muna shirin shiga mota, sai ga Inna ta fito da abayarta da 'yar jakarta. Ta ce tana da 'yar'uwa a Jidda da ta daɗe ba ta gani ba. Ba mu je gidan kowa ba. A bakin fili ta zauna, a kujerar roba, da carbinta.

An haɗa ni da wata ma'aikaciyar banki da na girme ta da kusan shekara ashirin. Kafaɗata ba ta barin in ɗaga hannu sama, don haka daga ƙasa nake fara bugu, kamar mai koyo. Ta cinye turmin farko shida da babu. A tsakiyar na biyu gwiwata ta fara magana, na ɗan ɗingisa. Yarinyar kirki ce, ta matso raga ta kira ni Khala, wato goggo, ta ce, "In kin gaji mu tsaya, ba komai."

Na ce, "Koma wurinki, 'yata. Kuma kada ki sassauta mini, zan gane."

Ba ta sassauta ba. Na samu ɗaya, da gajerun ƙwallaye da nake sauke mata dab da raga, abin da a da nake rainawa. Ta cinye shida da ɗaya. Muka yi musabaha, na miƙa mata hannun nan mai karkatattun yatsu, ta riƙe a hankali. Kabtin Birgit ba ta yabe ni ba. Ta ce Asabar mai zuwa ƙarfe takwas, in zo da wuri.

A hanyar komawa na sa ƙanƙara a gwiwa, Abu Hanan yana tuƙi, Inna tana baya ta jingina da kujera har muka wuce iyakar Harami. Na ɗauka barci take. Sai na ji ta gyara zama.

"Sa'adiyya."

"Na'am, Inna."

"Yarinyar nan duk ta hagunki take aiko miki da ƙwallon. Tun farko har ƙarshe. Ke ba ki lura ba ne?"

"Na lura, Inna."

"To ki gaya wa Baturiyar ta gyara miki wajen. Ba a barin mutum ya gane inda kike da rauni ya yi ta bi."